Amanar Zulyadaini

Zulyadaini ya tafi aiki Jubail,
ya bar mini makullin motar da ban iya tuƙawa ba,
da akwatin gilashi a ɗakinsa,
da muɗuwa a ciki, a dunƙule kamar curin fura.
Ya ce, "Yumma, ba ta cizo."
Na ce, "Ai ba za ta samu hannuna ba balle ta gwada."

Da rani babu magana tsakaninmu.
In zuba mata ruwa, in juya baya.
Sai Da'ifa ta shiga sanyinta,
hazo ya taso daga Hada ya zauna a taga,
masu gonar wardi suka datse rassa,
gwiwata ta fara yi mini hira da dare.
Ita kuwa ta daina ci.
Mako uku ina zubar da ɓeran da ta ƙi kallo.

A waya ya ce, "Jininta ba ya ɗumama kansa,
aro take yi."
Na yafa abaya na nufi kanti a Shihar,
wani Bayamane, Anwar, ya baje mini kaya
kamar mai tallar turare.

Ƙwan fitila na fara ɗauka, don shi na gane.
Ya yi zafi, ba laifi,
amma ya shanye laimar akwatin ƙaf,
saɓarta ta fito guntu-guntu kamar ɓawon albasa,
kuma ya hana baiwar Allah dare.
Na mayar.

Akwai wani dutse mai igiyar lantarki,
Anwar da kansa ya janye shi daga hannuna.
"Wannan ciki yake ƙonawa, Hajiya,
ba ta tashi sai fata ta salluɓe."

Sai ƙwan yumɓu, mai zafi ba haske,
da 'yar tabarma baƙa da ake liƙawa a ƙasan gilashi,
ba duka ba, kashi ɗaya cikin uku,
da ƙaramin akwati mai yanke wuta
in zafi ya haura talatin da biyu.
"Gefe guda ɗumi, gefe guda sanyi,
ki bar ta ta zaɓa."
Shekarata sittin da ɗaya,
ba a taɓa tsara mini ɗaki da irin wannan ladabi ba.

Daren wata Juma'a, ƙarfe biyu,
wuta ta ɗauke a layinmu.
Ma'auni ya riƙa sauka kamar guga a rijiya.
Na kunna gas, na tafasa ruwa, na sirka,
na cika gorar roba,
na zura ta a safar marigayi mai gidana,
na ɗora a wuyan hannuna
yadda nake gwada madarar Zulyadaini yana jariri.
Na buɗe murfin. Na sa hannu.
Ni.

Ta zaro harshe ta ɗanɗani iska,
ta warware a hankali kamar mai jin nauyi,
ta kwanta jikin safar.
Sau huɗu na sake ruwan kafin kiran asalatu.

Takardarta ta ce daga Togo aka kawo ta.
Kakata Tabawa daga Haɗeja ta tako,
shekara bakwai a hanya,
ta mutu ba ta yafe wa sanyin dutsen nan ba,
kaskon wuta a ƙarƙashin gadonta har ranar ƙarshe.
Ban ce danginmu ɗaya ba.
Na dai san mai neman inda zai jingina ciki.

Shekaranjiya ta ci.
Jiya ya kira: "Nawa ma'auni ya nuna?"
"Talatin da ɗaya."
"Ke fa, Yumma, ya gwiwar?"
Na ce da sauƙi.
Ban gaya masa na dawo da katifata ɗakinsa ba,
don a duk gidan nan
shi ya fi ɗumi.